Zaɓen Talabijin Don Motar Kwana: Batir, Sigina da Halin Hanya

Motar da aka mayar da cikinta ɗaki, mai gado da wurin girki da kujerun zama, ba kasafai ake cin karo da ita a titunanmu ba, amma wanda ke yawan zirga-zirga tsakanin Abuja da Jos ya san akwai ta nan da can. Wasu ana shigo da su a shirye daga Turai ko Amurka, wasu kuwa bas ne irin Toyota HiAce ko Coaster ko Mercedes Sprinter da aka cire wa kujeru, kafinta da mai walda da mai wayarin suka haɗa hannu suka gyara cikinta. Masu ɗaukar fim da ke kwana a wurin aiki, da injiniyoyin da ke bin aikin hanya ko haƙar ma'adinai, da ma'aikatan lafiya masu zagaya ƙauyuka, da magidantan da ke son kai iyali Yankari ba tare da neman ɗakin haya ba, su ne suka fi buƙatarta. Da zarar an gama maganar gado da fanka da firji, abin da ake tambaya na gaba shi ne talabijin.

Abin da aka saba yi shi ne a shiga shagon kayan wuta a Wuse ko a titin Ahmadu Bello na Jos, a duba wadda hotonta ya fi kyau kuma kuɗinta ya yi daidai da aljihu, a ɗauko a kai wa mai wayarin a ce ya maƙala. A ganina wannan farawa ce daga ƙarshe. A cikin mota talabijin ita ce abu na ƙarshe a jerin abubuwa uku, domin kafin ta akwai batirin da zai ciyar da ita, akwai kuma hanyar da hoton zai iso gare ta, kuma waɗannan biyun su ne ke yanke hukuncin irin akwatin da ya dace, ba idon mai saye ba.

Maganar wuta ita ce ta fi nauyi, don haka za a daɗe a kanta. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce mai kai-komo, ita kuwa wutar batirin mota bolt 12 ce mai tafiya gefe guda. Talabijin ɗin falo an ƙera ta ne don ta farkon, saboda haka ba za ta yi aiki a mota ba sai an sa inbata a tsakani, wadda za ta ɗaga bolt 12 zuwa 230. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, da wutar ta shiga cikin talabijin ɗin, na'urar da ke ciki sake saukar da ita take yi zuwa ƙaramar wuta irin ta batir, domin da ita allon da sauran kayan ciki suke aiki. An ɗaga ke nan an sauke, kuma kowane juyi yana cin rabonsa ya fitar da shi a matsayin zafi. Inbata mai kyau takan zubar da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na abin da ya ratsa ta, sannan ko ba a kunna komai ba, muddin ita a kunne take, tana ɗan tsotsar batir. Akwai kuma bambanci tsakanin inbatar da ke fitar da wuta mai santsi irin ta gida da mai araha wadda wutarta ke fita a kakkarye. Ta biyun takan sa lasifika ta riƙa gunji, wani lokaci hoto ya yi layi-layi, kuma tana wahalar da na'urar wutar talabijin har ta gajarta mata kwana.

Bari a yi lissafin a fili, domin shi ne ke raba gardama. Batir mai amfiya 100 a bolt 12 yana riƙe da wat 1,200 na awa guda a takarda. Idan batirin dalma ne, mai ruwa ko busasshe, ƙa'idar da masu sola suka sani ita ce kada a sha fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, don haka abin da ke hannu amfiya 50 ne kacal. Batirin lithium irin LiFePO4 yana yarda a sha kashi 80 ko fiye, shi ya sa yake da tsada. To mu ɗauka an sami talabijin mai inci 22 da ke aiki kai-tsaye da bolt 12, tana cin wat 24. Idan aka raba 24 da 12, amfiya 2 take ja a kowace awa, kallon awa huɗu ya zama amfiya 8. A ƙara dikoda mai cin kimanin wat 10, a ce an tashi da amfiya 12 a daren gaba ɗaya. Yanzu kuma mu ɗauka an kafa ta falo mai inci 43 wadda ke cin wat 70 ta hanyar inbata. Da asarar inbatar, abin da ke fita daga batir ya kusa amfiya 7, awa huɗu amfiya 28, kafin a sa dikoda a lissafi. Fiye da rabin abin da batirin dalma zai iya bayarwa ya tafi a kallon wasan ƙwallo biyu, alhali firji na nan yana jiran nasa, fanka za ta kwana tana juyawa, ga fitilu ga cajin wayoyi. A daren watan Maris a Abuja, idan aka ce mutum ya zaɓa tsakanin babban allo da fankar da za ta kai asuba, babu mai dogon tunani.

Farantin sola yana rage wannan matsi, amma ba ya kawar da shi. Faranti mai wat 100 a rana mai kyau yakan tara abin da ya kai wat 400 zuwa 500 na awa, sai dai ƙurar hunturu da ke kwanciya a kansa da gizagizan watan Agusta sukan zaftare wannan adadi sosai, kuma rufin mota ba shi da faɗin da za a jera faranti yadda ake so.

Akwai wani tarko a cikin maganar bolt 12 ɗin kanta. Batirin da ake kira mai bolt 12 kusan bai taɓa tsayawa a kan 12 daidai ba. Idan na dalma ya cika ya huta yakan nuna 12.6 ko 12.7, idan ya kai rabi ya sauko wajen 12.1, idan kuma inji na aiki ko sola na caji wutar takan hau har 14.4. A lokacin tayar da inji kuwa takan faɗi nan take sannan ta yi tsalle. Talabijin da aka ƙera musamman don motar kwana, irin na kamfanonin Avtex da Cello na Birtaniya ko Alphatronics na Jamus, an yi ta ne ta jure wannan hawa da sauka, kuma wannan juriyar na cikin abin da ake biya da tsada. Ƙaramar talabijin ta gida mai adafta a waje, wadda aka rubuta 12V a bayanta, ta saba da wutar da adaftar ke ba ta a daidaice. Idan aka yanke wayar adaftar aka haɗa ta da batir kai-tsaye, tana iya yin watanni lafiya, rana ɗaya a tayar da inji tana kunne allon ya ɗauke. Maganin wannan ɗan ƙaramin akwati ne mai daidaita wuta, wanda ke karɓar duk abin da batir ya bayar ya fitar da 12 tsayayye, kuma kuɗinsa bai kai komai ba idan aka gwada da na sabuwar talabijin. A lura kuma cewa wasu ƙananan talabijin masu adafta bolt 14 ko 19 suke sha, waɗannan sai da na'urar da ke ɗaga wutar zuwa daidai abin da aka rubuta. Manyan motocin dizal, har da wasu Coaster, wayarinsu na bolt 24 ne, kuma talabijin mai 12 da aka haɗa da irin wannan ba tare da na'urar saukarwa ba ƙonewa za ta yi nan take.

Haka nan kada a ɗora talabijin a kan batirin da ke tayar da inji. Shi an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙu kaɗan sannan a mayar masa, ba ya son a riƙa tsotsarsa a hankali har ya yi ƙasa. Motar kwana tana buƙatar batir na biyu na ɗaki, da na'urar da ke haɗa su idan inji na aiki ta raba su idan an kashe. Wanda ya yi sakaci da wannan, ya kalli wasa har dare a gindin duwatsun Shere da ke kusa da Jos, da safe zai nemi masu turi a inda babu kowa.

A nan ne kasuwarmu ta yi wa mai motar kwana gata ba da niyya ba. Saboda ƙarancin wutar lantarki da yaɗuwar sola, shagunanmu cike suke da talabijin masu aiki da wutar batir, abin da a Turai sai an je shagon kayan zango ake samu. Da yawa daga cikinsu suna da ƙofa biyu, ta wutar gida da ta batir, kuma cinsu kaɗan ne domin an yi su ne don gidan da ke dogara da ƙaramin faranti. Ga mafi yawan masu bas ɗin da aka gyara a nan gida, ina ganin ɗaya daga cikin waɗannan, haɗe da na'urar daidaita wuta, ta fi dacewa da a yi odar mai tsada daga Ingila wadda in ta lalace babu mai kayan gyaranta a Abuja ko Jos. Abin kiyayewa shi ne irin waɗanda ake sayarwa a cikin kunshin sola na biyan kuɗi kaɗan-kaɗan, domin wasunsu an ɗaure su da akwatin batirin kamfaninsu, ba sa tashi da wani batir daban.

Sai maganar inda hoton zai fito, kuma a nan Jos da Abuja suna da tarihi. Jos ce ta fara watsa talabijin mai launi a Najeriya a tsakiyar shekarun 1970, ta tashar tsohuwar jihar Binuwai-Filato, kuma a Jos ɗin aka ƙaddamar da gwajin sauya watsa shirye-shirye zuwa tsarin dijital a ranar 30 ga Afrilu 2016, Abuja ta biyo baya a watan Disamba na wannan shekara. Tsarin da Najeriya ta ɗauka sunansa DVB-T2, kuma wannan suna shi ne ya kamata mai saye ya nema a jikin kwali. Muhimmancinsa yana fitowa ne idan motar daga Amurka ta zo da talabijin ɗinta a maƙale. Amurka tsarin ATSC take amfani da shi, wutar gidajenta bolt 120 ce mai juyi 60 a daƙiƙa, tamu kuwa juyi 50 ce. Irin wannan talabijin ba za ta kama tashar dijital ko ɗaya ta eriya a nan ba, kuma wasu daga cikinsu ko an haɗa musu dikoda ta wayar HDMI sukan ƙi nuna hoton, saboda ba su san hoto mai juyi 50 ba. Dukkan soket ɗin irin wannan mota ma na bolt 120 ne, don haka wanda ya saya sai ya zauna da mai wayarin da ya san aikinsa kafin ya jona ta da wutar gida. Talabijin ɗin Turai sun fi kusa da namu, tun da can ma DVB suke bi kuma wutarsu 230 ce. Motocin Ingila kuwa matsalarsu tana gaba da talabijin, domin sitiyarinsu a dama yake, mu kuma tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu.

Duk da haka, kada rubutun DVB-T2 ya ruɗi mutum ya zaci ya gama. Tashoshin GOtv da na StarTimes da ke zuwa ta eriya a kulle suke, ba sa buɗewa sai da dikodar kamfanin da kuɗin wata, shi ma tsarin FreeTV na gwamnati da akwatinsa na musamman aka fito da shi. Ma'anar wannan ita ce a ƙasar nan talabijin ɗin mota kusan kullum allo ce kawai da ke nuna abin da wani akwati ya miƙo mata. Saboda haka ƙofofin HDMI guda biyu da ƙofar USB mai karanta fim sun fi amfani a gare mu da tarin na'urorin kama tasha da ake lissafa wa mai saye a Turai. Wani sauƙin kuma shi ne yawancin dikodojin nan da adaftar bolt 12 suke aiki, don haka ana iya ciyar da su daga na'urar daidaita wutar da ke ciyar da talabijin, ba sai an kunna inbata ba. A dai karanta abin da aka rubuta a jikin adaftar tukuna.

Siginar eriya a miƙe take tafiya, dutse kuma yana tare ta. A ƙasa irin ta Filato, mota na iya kama tashoshi tar a unguwar Rayfield ta Jos, a gangara bayan wani tsauni a rasa komai. Dijital kuma ba ta da tsaka-tsaki irin na da, lokacin da ake kallon hoto mai yayyafi ana haƙuri: ko dai hoto ya fito garau, ko ya daskare ya farfashe ya ɓace. Eriya mai kama kowane gefe, irin mai kama da faifai da ake ɗaurawa a rufi, tana da sauƙi domin ba a juya ta, amma ba ta da ƙarfi. Mai fuska ɗaya da ake ɗagawa a kan sanda ta fi jawo sigina daga nesa, sai dai kowane zango sai an fita an juya ta, kuma hanya mafi sauri ta sanin gefen ita ce a dubi inda eriyoyin gidajen unguwar suka fuskanta. Idan an canza gari a sake binciken tashoshi. Idan kuma hoto na farfashewa duk lokacin da aka kunna fitilar LED ko cajar waya mai araha, laifin ba na eriya ba ne, waɗannan ƙananan kayan ne ke watsa hayaniyar da ke shiga wayarta. Da an yi nisa da manyan garuruwa kuwa, maganar eriya ta ƙare.

Abin da ke bin mutum har daji shi ne tauraron ɗan'adam. Taurarin talabijin suna tsaye ne a saman tsakiyar duniya, a nisan kilomita 35,786, suna juyawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa dish ɗin gida ake saita shi sau ɗaya a manta. Mota kuwa kowane tsayawa sabon saiti ne. DStv a Najeriya daga taurarin Eutelsat da ke digiri 36 gabas take saukowa. Daga Abuja ko Jos wannan yana gabas, ya ɗan karkata kudu, a tsayin da ya kai kimanin digiri 55 daga ƙasa. Wanda ya san alƙiblar wurin ya sami mafari, domin idan ya fuskance ta ya juya dama da kimanin digiri 40 ya kusa da inda tauraron yake. Dish ɗin da muka saba da shi ya fi kallon sama fiye da yadda fuskarsa ke nunawa, don haka a ido za a ga kamar bai ɗaga sosai ba. Aikin na haƙuri ne: mutum ɗaya a waje yana matsa dish ɗin kaɗan-kaɗan kamar faɗin yatsa, yana tsayawa daƙiƙa biyu ko uku domin dikoda ta gane, wani a ciki yana kallon sandar ingancin sigina a allo yana kira, “Malam, koma baya kaɗan, ta fara tashi.” Ƙaramar mita mai ƙara da masu saita dish ke ratayawa a wuya tana rage wannan kiraye-kiraye, kuma ba ta da tsada.

Akwai dish na rufin mota mai buɗe kansa ya nemo tauraro da danna maɓalli ɗaya. Yana da daɗi, amma waɗanda ke zuwa a kan motocin Turai an loda musu bayanan taurarin da ke haska Turai ne, irin su Astra da Hotbird, kuma sai an tabbatar ana iya sake musu saiti kafin a dogara da su a nan. Ni na fi karkata ga dish na hannu mai ƙafa uku da doguwar waya ta mita 10 ko 15, saboda wani dalili da ya shafi yanayinmu. Mai hankali inuwar bishiya yake nema ya ajiye mota, dish kuwa ba ya gani ta cikin ganye. Wanda dish ɗinsa ke kafe a rufi dole ya bar motar a rana, mai na hannu kuwa sai ya bar motar a inuwa ya fitar da dish ɗin fili. Girma ma abin dubawa ne, domin ruwan sama mai ƙarfi yana cinye siginar waɗannan taurari, kuma dish mai santimita 90 ya fi mai 60 jure hadari, ko da yake ya fi shi cin wuri a bayan mota. Tashoshin Larabawa na Nilesat, da ke digiri 7 yamma, sau da yawa babban dish suke so a wannan yanki, abin da ba ya tafiya da rayuwar mota.

Hanya ta uku ita ce intanet, kuma ita ce ke ƙara rinjaye, tun da finafinan Hausa masu dogon zango da wa'azi da labarai duk sun koma YouTube. A nan kuɗin data ne ke magana. Netflix da kanta ta bayyana cewa kallon awa guda yakan ci har gigabayit 1 a matsakaicin hoto, har 3 a hoto mai kaifi, har 7 a mafi kaifi da ake kira 4K. A allo mai inci 22 ido ba ya bambance 4K da hoto mai kaifi na 1080, don haka biyan kuɗinsa a talabijin da kuma a data asara ce sau biyu. Layukan MTN da Airtel da Glo suna da ƙarfi a cikin gari da bakin manyan hanyoyi, su yi rauni a kwari da daji. Starlink, intanet mai saukowa ta tauraron ɗan'adam, wanda Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ya fara aiki a cikinta a watan Janairu 2023, ya toshe wannan giɓi, amma ko ƙaramin samfurinsa na tafiya yana cin wat 25 zuwa 40, wato ya kai talabijin ɗin kanta ko ya fi ta, don haka sai an koma lissafin batir an sa shi a ciki. Game da talabijin mai intanet a jikinta, ra'ayina shi ne ba dole ba ce. Manhajojin da ke cikinta sukan tsufa kafin allon ya tsufa, kuma wasunsu suna shan wuta ko an kashe su da rimot. Allo marar hayaniya da ɗan ƙaramin akwatin Android ko sandar da ake cusawa a HDMI ya fi sauƙin sabuntawa. Wanda kuma ya san zai kwana inda babu sabis, ya sauke abin kallonsa tun yana gari.

Girman allo ba ya buƙatar dogon bayani. Tsakanin gado ko kujera da bangon mota da wuya ya wuce mita biyu, inci 19 zuwa 24 ya wadatar, mai 32 sai a babbar Coaster. Abin da ya fi girma muhimmanci, kuma ba a cika tambayarsa ba, shi ne yadda hoton yake idan an kalle shi a karkace. A mota talabijin a sama ake maƙala ta, mai kallo kuma a kwance yake ko a gefe. Allo mai araha irin TN idan aka kalle shi daga ƙasa sai fuskokin mutane su yi duhu launi ya juye, irin IPS kuwa yana riƙe launinsa daga kusan kowane gefe. Gwajin ba ya buƙatar ilimi: a sa mai shago ya kunna ta, a durƙusa a gabanta a ɗaga kai, sannan a matsa gefe. Idan mai shago ya ce, “Alhaji, ai wannan ba ta cin wuta ko kaɗan,” a roƙe shi ya juyo bayanta a karanta takardar da ke manne, a ninka bolt da amfiyar da aka rubuta, wannan shi ne iyakar abin da za ta iya ja. Rage hasken allo da dare yana saukar da cin ƙasa da haka sosai. Sauti kuma a saurare shi da kyau, domin lasifikan ƙananan talabijin raunana ne, kuma duk wanda ruwan Jos ya taɓa tsarewa a ƙarƙashin rufin ƙarfe, balle in ya zo da ƙanƙara, ya san ba a jin komai. Ƙofar abin sawa a kunne ko Bluetooth tana magance wannan, tana kuma barin mai barci ya yi barcinsa a ɗakin da bai fi taku huɗu ba.

Abin da ya fi kashe talabijin a mota, bayan wuta, shi ne girgiza. Akwatin da bai wuce kilo uku ba idan yana kan ƙarfe mai hannu da ya miƙo daga bango, kowane rami da mota ta faɗa yana ninka nauyin da kusoshin ke ɗauka, kuma daga Akwanga har a haye Hawan Kibo ramuka da kwanoni ba sa ƙirguwa. Bangon ciki na irin waɗannan motoci falanki ne siriri, sukurun da aka ɗaura a cikinsa kawai zai yi ta faɗaɗa raminsa har ya zare. Daidai shi ne a sa katako mai kauri ko farantin ƙarfe a bayan falankin, a ratsa da noti mai kulle kansa. Ramukan bayan talabijin suna da ma'auni sananne da ake kira VESA, a ƙananan akwatuna yawanci milimita 75 ko 100 ne tsakanin rami da rami, sai a tabbatar ƙarfen maƙalawar ya yi daidai da su. Ƙarfen kuma ya zama mai makulli da ke riƙe shi a jikin bango lokacin tafiya. In babu, a ɗaure da maɗauri, ko a sauke talabijin ɗin a kwantar da ita a kan katifa fuskarta ƙasa. A zaɓi wurin da direba ba zai iya ganin allon ba yana tuƙi, wanda kuma mai leƙe ta taga ba zai hango shi ba idan an ajiye motar.

Yanayi ma yana da nasa rabon. Yawancin talabijin an yi su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 zuwa 40 ba, cikin motar da aka rufe a ranar Abuja kuwa yakan haura 60, musamman kusa da rufi inda aka fi maƙala su. Idan an dawo an tarar da motar ta yi zafi, a buɗe ƙofofi ta sha iska kafin a kunna. Jos, da ke tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, matsalarta akasin haka ce: a daren hunturu sanyi kan sauko kusan digiri 10, numfashin masu barci a rufaffiyar mota ya zama raɓa a jikin gilashi da ƙarfe, har da cikin talabijin, don haka da safe a bari ta bushe tukuna. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ta ramukan iska na bayanta, riga ta yadi da tela zai ɗinka cikin awa guda ta isa ta tare mafi yawanta.

Wayarin shi ne wurin da ake yawan yin arha a yi da-na-sani. A ƙaramar wuta irin ta batir, waya siririya mai tsawo tana zubar da bolt a hanya, sai batir ya nuna 12.2 amma abin da ya isa talabijin bai kai 11.5 ba, ta riƙa ɗaukewa ana zargin batir. Waya mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2.5 murabba'i ta wadatar ga tazarar cikin bas. Soket ɗin kunna sigari bai dace da haɗin dindindin ba, domin girgiza na sassauta shi ya riƙa tartsatsi yana zafi. A ja wa talabijin da dikoda layinsu daban daga batirin ɗaki, a sa fis mai amfiya 5 kusa da kan batirin yadda zai kare dukkan tsawon wayar, a tabbatar ba a juya jan waya da baƙa ba tun da ba kowace talabijin ke da kariya daga hakan ba, sannan a sa makunni a bango wanda ke yanke layin gaba ɗaya, saboda dikoda da talabijin da aka kashe da rimot suna ci gaba da jan wuta, kuma motar da aka ajiye mako uku a gareji haka za ta iya wayar gari batirinta ya sauka ƙasa da inda zai farfaɗo.